Ganye Mai Kama Da Ƙafar Agwagwa

Duk wanda ya san gidanmu a unguwar Ammariyya ta Jidda zai gaya muku yayana ne ya shuka wiwi a saman soro, shi ya sa aka tura shi Sudan. Ba haka ba ne. Bai shuka komai ba. Ni ce, kuma shekara biyu ke nan ina ji ana cin namansa ban ce uffan ba.

Ina da shekara goma sha tara lokacin, na gama sanawiyya a Bur Sudan na biyo iyayena Jidda. A makaranta babu darasin da nake so kamar na tsirrai, amma da na zo sai aka ajiye ni a gida, daga madafa sai saman soro. Ni kuwa ban iya zama wuri ɗaya ba. Wata hajiya da ta sauka gidanmu kafin jirginsu ya tashi ta bar wa Inna ƙullin irin rama, don ta ji tana cewa rabonta da kwaɗo tun barinta Sudan. Na karɓe ƙullin, na shuka a gwangwanayen man girki na samna, ina ba su ruwan alwala da na wankin shinkafa, tunda ruwa saye muke yi.

Ramar ta fito lafiya, amma uku daga ciki suka fito daban. Ɗaya ganyenta a haɗe yake, yatsun ba su rabu ba, kamar ƙafar agwagwa. Ɗaya rabin ganyen fari ne fat, rabi kore. Ta ukun kuwa ganye uku-uku take fitarwa a kowace gaɓa maimakon biyu. Na ɗauko tsohon littafin makaranta na fara zana su kullum da safe, ina rubuta kwanan wata a ƙasa. Tun zuwana garin nan ban taɓa samun abin da ya sa nake ɗokin wayewar gari ba sai su.

Wata rana Yaya ya dawo daga tashar jiragen ruwa inda yake aikin sauke kaya, ya hau saman soro shan iska. Ya murje ganye ɗaya ya sansana, sai fuskarsa ta canja. Ya ce min wannan ba rama ba ce, hashish ne, wato wiwi, ya san warinsa a wurin ma'aikatan jirgi, kuma in aka gani iƙamar gidan nan gaba ɗaya, wato takardar izinin zamanmu, ta tafi. Ya ce in tuge su yanzu. Na ce masa ai shi likitan buhu ne, ina ya san ganye. Ya yi dariya ya ce to malamar makaranta, shi dai ya faɗa. Na ce halas, shi ke nan, zan zubar. Da ya sauka sai na ja gwangwanayen uku bayan tankin ruwa. Ba sha zan yi ba, ba sayarwa ba. So nake kawai in ga ko sabon ganyen mai ƙafar agwagwa zai fito a haɗe shi ma. Na ce kwana uku. Kwana uku suka zama sati biyar.

Mai gidan da muke haya ne ya hau duba tankin. Da la'asar ya zo wurin Baba da gwangwani ɗaya a hannu. Ya ce saboda zaman mutunci ba zai kira shurɗa, wato 'yan sanda, ba, amma wanda ya shuka ba zai ƙara sati a gidansa ba. Baba bai ko kalle ni ba. A wurinsa Yaya mai aikin tasha, mai shan sigari, ai shi ne. Yaya ya dube ni sau ɗaya, ya jira, ni kuma na sunkuyar da kai ina kallon tabarma. Sai ya ce nasa ne. Bayan kwana shida aka sa shi a jirgi. Aikinsa ya tafi, kafilinsa, wanda ya tsaya masa a ƙasar, ya soke takardunsa, iyayen yarinyar da zai aura suka mayar da kaya.

Yana aiko da wasiƙa, yana tambayar ko malamar makaranta tana nan tana zane. Bai taɓa ambaton abin ba, kuma wannan ya fi zagi ciwo. Baba ba ya buɗe wasiƙun, ni nake karanta wa Inna a ɓoye.

Abin da na koya shi ne ba jahilci ne ya kashe ni ba, taƙama da ɗan ilimin da nake da shi ne. 'Yan'uwana masu zaman baƙunta a ƙasar mutane, in wanda ya fi ki sanin gari ya ce ki zubar da abu, ki zubar a gabansa, don in abin ya fashe ba lallai kanki zai faɗa ba.

Littafin yana nan ƙarƙashin akwatina, zane talatin da wani abu, kowane da rubutun hannuna a ƙasa. Gobe Juma'a. In Baba ya dawo masallaci ya ci abinci, zan buɗe shi a gabansa, in zauna har ya kai shafin ƙarshe.