Wata Yarinya a Unguwarmu

Aikina a gidauniyar nan ba shi da wuyar faɗi. Ana ɗaura mini lasifika a gaban babur, saman fitila, a sa saƙo a ɗan kati irin na waya, in bi kasuwanni ina kunnawa. Yau cikin Kontagora, gobe hanyar Mashegu, jibi wajen Tungan Magajiya. Saƙonnin duk kan yara ne da iyayensu: rigakafi, awon ciki, sa yara makaranta. Muryoyin kuwa na 'yan rediyo ne, Hausarsu sumul kamar an yi mata guga. Ni nawa tuƙi ne da murɗa maɓalli.

Mai tsara abin da gidauniya za ta faɗa wa jama'a wata mata ce 'yar Dukku, mai yawan dariya, Malama muke ce mata. Wata safiya ta ce ta lura mutane sun daina juyowa idan na wuce, sun saba da muryoyin. Tana son muryar uba na gaske, wanda ya sa 'yarsa makaranta ya ga amfanin abin. Ta san ina zuwa ajin yaƙi da jahilci bayan La'asar, ta san na fara haɗa baƙi, don haka ni ta zaɓa. Ta ce har a rediyo za a sa.

Ban san lokacin da na isa gida ba. Kafin Magariba mai shayi ya ji, mai faci ya ji, ladanin masallacinmu ma ya ji. Na je wajen wanzami aka gyara mini fuska. Na sa aka wanke babbar rigata ta Juma'a. Mai ɗakina ta yi ta dariya tana tambaya ko rediyon yanzu yana nuna hula. Ban kula ta ba, na ci gaba da shan zuma da citta don murya ta washe, ina zagaya tsakar gida ina gwada sallama iri-iri, har awaki suka daina cin dusa suna kallona.

Ranar ɗaukar murya aka shigar da ni wani ƙaramin ɗaki a ofis, an jingina katifa a taga don kada ƙarar janareto ta shigo. Malama ta miƙo mini takarda da manyan baƙaƙe. Layin farko gaisuwa ce, na karanta tsaf, har na ɗago kai don in ga ko ta lura. Layi na biyu ya ce 'yata ta fari, ga sunanta a rubuce, ina alfahari da ita. Nan na tsaya.

'Yar fari ce. Tun ranar sunanta ban taɓa kiran sunan nan da bakina ba, haka na taso na ga iyayena suna yi. Da aka yaye ta yayata ce ta ɗauke ta, sai da ta girma ta dawo gida. Idan ina son magana da ita sai in ce "ke", ko in faɗa wa bango abin da nake so, ita kuma ta ji. Ranar da ta gama makarantar koyon aikin lafiya, a gaban mutane "madalla" kawai na ce. Bayan gida na zagaya, kusa da turken awaki, na taka rawa ni kaɗai.

Malama ta zaci karatun ne ya ƙi, ta karanta mini sunan a hankali. Na ce mata na gane shi sarai, fitarsa ce ba za ta yiwu ba, balle a rediyo, yayata na ji, surukaina na ji. Ta riƙe baki, ta ce ta ga maƙwabtanta suna wannan kunya, amma ba ta taɓa kawowa za ta biyo mu har ofis ba. Sai ta gaya mini gaskiya: a ranar za a tura saƙon, idan ban iya ba dole ta koma wa ɗan rediyo. Gumi ya keto mini cikin babbar riga. Ga gari duk na shaida wa. Ga kuma abin da ban gaya wa kowa ba, ina so yarinyar ta ji daga bakina ko sau ɗaya ne, ban dai san ta inda zan bi ba.

Malama ta kife takardar. Ta ce, "Baba, a unguwarku akwai wata yarinya da ta yi karatun lafiya?"

Na ce akwai.

"To ba ni labarinta. 'Yar mutane ce, kai ba ruwanka."

Ashe magana tana nan danƙare. Na faɗi yadda wata yarinya a unguwarmu take tsallake rafi da damina, takalmi a ka, don kada makaranta ta wuce ta. Na faɗi yadda hannunta ba shi da nauyi a allura, yaro sai an gama yake tuna ya yi kuka. Na faɗi yadda tsofaffi suke zama a bencin asibiti su ce ita suke jira. Na ce uban yarinyar nan, ko wane ne shi, ya ji daɗin duniya. Malama tana ɗaga mini hannu in tsaya, ni ina ƙara gyara zama.

Abin da ban yi tunani ba shi ne, ni ne mai yawo da lasifikar. Washegari na fita, muryata tana gabana tana yabon wata yarinya, ni ina bayanta na sunkuyar da kai ina murmushi. Ba wanda bai gane ba. 'Yan acaba suna bina suna roƙon in nuna musu gidan uban yarinyar su je gaisuwa. Mai shayi ya rantse muryar ta yi kama da ta wani da ya sani. Yayata ta kira ni a waya, dariya ta hana ta gama zagina. Amma mata sun dawo suna juyowa, wasu har su tsayar da ni su tambayi ranar rigakafi.

'Yar tawa kuwa harkarta ta ci gaba da yi. Da safe ta durƙusa ta gaishe ni, ido a ƙasa, ta wuce aiki. Ban san ko ta ji ba, ba kuma wanda zan tambaya. Na haƙura, ina jira.

Sai wata ranar kasuwa a wani ƙauye kan hanyar Tungan Magajiya, motar ma'aikatan rigakafi ta cika. Malama ta ce in biya asibiti in ɗauki ma'aikaciya ɗaya da akwatin sanyinta. Har yau tana rantsuwa ba ta san wace ce ba. Na isa, ga 'yar tawa tsaye a bakin ƙofa. Ta gaishe ni, na amsa wa tayar gaba, ta hau.

Duk tsawon hanya lasifika a kashe take. Mun yi maganar ramuka, mun yi maganar dawa ta yi kyau bana, shi ke nan. Da muka iso bakin kasuwa ba makawa, aikin da ya kawo ni ke nan. Na kunna, amma na rage ƙarar har ta zama kamar raɗa. Muryata ta fara, wata yarinya a unguwarmu. Na ƙura wa hanya ido, kunnuwana suna zafi.

Mun wuce rumfar masu gishiri sai na ji ta matso kaɗan.

"Baba, ƙara murya. Matan can wajen masu doya ba sa ji."

Na murɗa maɓallin har ƙarshe. Tantin rigakafin yana nan kusa, ina ganinsa, amma na bi ta layin masu hatsi, na zagaya ta wajen mahauta, na sake dawowa ta masu doya. Ba ta ce in sauke ta ba. Sai da saƙon ya kai ƙarshe ya sake farawa na taka birki.