Garin buji a akwatin famfona

Shekarar da na sa famfo mai aiki da hasken rana a gonata ta albasa can Garou, na ɗauka na rabu da wahala. Da sanyi ya yi aiki lafiya. Zafi na shigowa sai ya koyi hali: rana na take tsaka, akwatin robar da ke sarrafa shi ya ɗauke, ruwa ya tsaya cak. A lokacin kuwa albasa ta fara kai, tana neman ruwa fiye da kullum. Ina kallo bakin ganyen ya soma rawaya. Na zagi akwatin, na zagi wanda ya sayar mini, na lulluɓe shi da buhu don rana, abin ya ƙara lalacewa.

Babbar ɗiyata ta zo hutu daga jami'a a Kotonu, inda take karatun haɗa roba da wasu abubuwa. Ni dai ban taɓa gane amfanin karatun ba, har nakan tsokane ta cewa bokiti za ta ƙera mana. Ta bi ni gona, ta kwance akwatin, ta ce ciwon a ciki yake. Kayan wutar ne ke yin zafi, roba kuma ba ta miƙa zafi waje, riƙe shi take kamar bargo. Ni kuma na zo na ƙara masa buhu. Ta yi dariyarta son ranta, na haɗiye.

Abin da ta nema ya ba ni haushi. Gam ɗin da masunta ke liƙe jirgi, matattun batiran tocila, da tsofaffin buji na babur, wato filogi. Ta ce farin tangaran da ke jikin buji yana wuce da zafi amma ba ya wuce da wutar lantarki, shi za a cuɗa da gam a sa kusa da wayoyi. Baƙin sandan cikin batir shi ma yana jan zafi, sai dai yana ɗaukar wuta, don haka a waje kawai za a shafa shi.

Da girmana na bi 'yan kabu-kabu a bakin kasuwar Malanville ina roƙon shara. Sun yi mini ba'a, wani ya tambaya ko miya za a yi da su. Amma kafin la'asar sun cika mini leda, har wani ɗan Gaya da ke ƙetaren kogi ya tsallako gada da nasa washegari. Ba wanda ya karɓi komai a hannuna.

Niƙan ne ya zama aiki. Muka farfasa da guduma, amma gari mai laushi take so. Uwarta ta shiga ɗaki ta fito da dutsen niƙan da ta gada wurin tata uwar, wanda ko aro ba ta bayarwa. Tangaran ya ci dutsen, ya bar masa rami a tsakiya. Ta duba ramin, ta ci gaba da niƙa.

Yarinyar ta tankaɗe garin, ta cuɗa, ta cike tsakanin kayan wutar da bayan akwatin da farin haɗin. Da baƙin kuma ta manna murfin tukunyar alminiyam a waje. Muka bari ya bushe.

Washegari da rana ta take, na kai hannu kan murfin. Ya ƙone ni. Raina ya ɓaci, na ce mata da can ma bai kai haka zafi ba, mun ɓata dutsen uwarta a banza.

"Baba, zahin da ya ƙone ka wanda ya hito na," in ji ta. "Da can ciki shike zaune. Dubi ruwanka."

Na juya. Ruwa na ta kwarara cikin fangalin albasa, a daidai lokacin da ya saba yankewa. Na tsaya ina busa yatsuna, kunya da murna sun cika ni, na ce mata Allah ya yi miki albarka.

Albasar ta yi, ta cika buhuna. Na kai wa 'yan kabu-kabu rabonsu, na sayo wa matata sabon dutse. Ta karɓa ta gode, ta jingine shi bayan ɗaki. Har yau a mai ramin take niƙa mana tattasai, ni kuma ban taɓa yin ƙorafin miyar ba.