Cinyar Barewa a Gidan Kawuna

Tun da aka rufe boda na san dajinmu ya shiga uku. Samarin da ke fiton shinkafa da babur daga Nijar suka wayi gari ba abin yi, sai kowa ya ɗauki gatari ko bindigar harbi-ruga ya nufi gandun da ke bayan garinmu Mazanya. Gawayi buhu-buhu, naman daji a ƙyalle. Ni tela ne a bakin boda, daga kan kekena nake kallon dajin yana wucewa a bayan mota.

Kawuna ne ya tara mu, manoma da Fulanin rugar da ke gefe da irina masu sana'a, ya ce mu tsare abin da ya rage. Abin da ya rage ɗin ma abin kunya ne: 'yan barewa da ba su cika yatsun hannu ba, suna saukowa shan ruwa a wani tafki. Mukan kewaya, mu kwance tarko, mu roƙi mutane don Allah don Annabi. Dariya ake mana, wai ga 'yan sandan barewa nan. Kawu ko a jikinsa. Mutum ne mai taurin kai, kuma kaf garin ba wanda zai ce ya taɓa cin na wani, shi ya sa ake jin maganarsa.

Da rani ya yi nisa sarkin baka, shugaban mafarauta, ya sa aka buga gangar farautar gayya. Kawu ya kai ƙara wurin mai gari, aka ce a zo a zauna bayan sallar Juma'a. Duk mun san in aka saki karnuka a tafkin nan, barewa ta ƙare ke nan. Mun kuma san ba mai iya kallon idon sarkin baka ya yi magana sai kawu.

Ranar Alhamis muka dawo daga kewaye, yunwa kamar ta kashe mu. Matar kawu ta kawo tuwon gero da miyar kuka, nama zuƙu-zuƙu. Wallahi na ci, har da suɗe hannu. Kawu ma ya ci, yana ta sa mata albarka. Sai da aka kwashe kwanoni ya tambayi inda aka samo nama a wannan marra. Ta sunkuyar da kai, ta ce sarkin baka ne ya aiko da cinya tun da hantsi.

A wajenmu cinyar maharbi ba a mayar da ita. Girma ce ya ba gidanka, mayarwa kuwa zagi ne da ake gadonsa. Kuma duk wanda ya ci, da shi aka yi farautar.

"Malam, in maida, a ce gidanka ya raina mutane?" in ji ta, tana kuka.

Kawu bai yi mata faɗa ba. Ni ne na yi ta sababi, na ce makirci ne, ba da saninmu muka ci ba, a je a faɗa wa duniya. Ya dube ni kawai, ya ce in je gida.

Washegari ƙofar mai gari ta cika. Sarkin baka ya iso da layunsa, ya durƙusa ya gai da kowa. Da ya zo kan kawu sai ya yi ƙasa da murya, amma yadda kowa zai ji.

"Ina fata dai naman ya dahu. Ƙaramar barewa ce, ba ta da tauri."

Ba wanda ya yi dariya, da ma an yi da ya fi sauƙi. Mai gari ya ce mai ƙara ya yi bayani. Na zunguri kawu, na sake zungurarsa. Ya miƙe da ƙyar, ya ce Allah ya ja zamanin mai gari, shi ba shi da ta cewa. Ya nemi takalmansa.

An yi farautar. Ina shago na ji gangunan dawowarsu, na kasa zura zare a allura. Haushin har yau bai sake ni ba. Kawu ya rayu bayan nan shekaru da dama, yana nomansa a gonar da ke bakin gandun, amma bai ƙara ɗaga kai ya dubi wajen tafkin ba. Nama kuwa, ko na layya, bai sake kai shi bakinsa ba har muka binne kawu.