Ba Ciyawar Teku Ce Ta Ci Munzali Ba

Na Allah ne mu, kuma wurinSa za mu koma. Ranar Talata, 14 ga Maris 2017, ina jera tumatir a kasuwar Utaiƙa da ke Riyad aka bugo mini cewa Injiniya Munzali ya rasu a gaɓar Bahar Maliya, inda yake aikin auna gudun ruwa. Mudirin kamfaninsu, wato manajansu, ya ce wai ganganci ya yi, ruwa ya fizge shi cikin ciyawar ƙarƙashin teku, ta harɗe masa ƙafa.

Munzali, ni ɗan kasuwa ne. In aka yi saurin ɗaure bakin buhu, sai na ga ƙasansa.

Duk hutun da ka shigo Riyad, rumfata ce zaurenka. Kai ka raka ni wurin kafilina, ubangidan da ya tsaya mini, da iƙamata ta zama a ƙasar ta ƙare, ka yi ta Larabci har ya sauko. Wata rana na tsokane ka: "Injiniya, duk karatun nan, gadin ciyawa?" Ka yi dariya, ka shimfiɗa damin ganyen albasata a kwatar da muke wanke kaya. Ruwan da ke gudu ya lafa, ƙasar da ya ɗebo ta kwanta a gindin ganyen. Ka ce, "Alhaji, haka take yi a teku. Inda take, ruwa na da ladabi. Inda aka tuge ta, nan yake hauka."

Zuwanka na ƙarshe ka ce kamfanin na yashe ciyawar don jirage su sami hanya. Ka hana, ba a ji ba.

Da aka kawo ka, ni na yi maka wanka. Na duba ƙafafunka, babu shatin ɗauri, babu ko silin ganye. Baƙar laka ce cike da faratanka da kunnuwanka, irin ta ramin da aka haƙa inda aka yashe ciyawar. Wakilin kamfani kuwa na bakin ƙofa, sai "yalla, yalla" yake yi. Ban taɓa ganin baƙon da ya ƙosa a rufe gawa kamarsa ba.

Allah Ya jiƙanka, Ya karɓi shahadarka, Ya bi maka haƙƙinka. Hajiya Hansai, Allah Ya ba ki haƙurin rashin miji, Ya raya Uwais. Ranar da yaron ya ji an ce ubansa ganganci ya yi, ki turo mini shi Utaiƙa. Kwatar na nan, albasa ma ba ta yankewa.