Sanyin da Inna ta rufe a fulas

Ko tsufa ya mantar da ni komai, ba zan manta ranar da sanyi ya so kashe mini ɗa a tsakiyar bazarar Sakkwato ba.

Zamanin mulkin soja ne, muna zaune a unguwar Gidan Igwai. Maigidana malamin kimiyya ne, bai daɗe da dawowa daga karatu a waje ba. Kullum zancensa ɗaya: wai in aka sanyaya iska har ƙwayoyinta suka natsu, za su iya jin juyawar duniya, amma da zafi ya ɗan shiga, aiki ya lalace. Ni da ko fanka ta gagare ni saboda rashin wuta, sai in ce, "Malam, fara sanyaya mana ɗakin nan tukuna."

Ran nan ya shigo da wata tukunyar ƙarfe cike da iskar da aka sanyaya har ta koma ruwa, zai nuna wa ɗalibai washegari. Murfinta a sake yake, farin tururi na kwararowa. Ya ce kada yara su taɓa, ya tafi sallar la'asar. Yara ya ce, bai ambaci manya ba.

Surukata ta zo daga Dundaye duba jaririnmu da ke zazzaɓi. A wurinta barin sanyi ya zurare almubazzaranci ne. Ina madafa, ashe ta tsiyayi ruwan cikin fulas ɗin shayi, ta murɗe murfin tam.

Malam na dawowa ta tare shi da fara'a. "Sanyinga naka na ta hita, na ruhe maka shi cikin hulas. Ga shi can wurin kan yaro, ya sanyaya mashi jiki."

"Inna, mi kinka yi?"

Da takalmi ya faɗa ɗaki, ya fizgo fulas ɗin, ya wurga lungun tsakar gida. Bai kai ƙasa ba ya tarwatse. Ƙarar ta toshe mini kunne, maƙwabta suka fito a guje. Ashe ruwan in ya ji ɗumi komawa iska yake yi, in bai samu hanya ba sai ya fasa.

Na ruga ɗaki na rungume yarona. Inna ta zube ƙasa tana ta maimaitawa, "Ni da hannuna na aje mashi."

Wallahi Malam na yi wa fushi, ba ita ba. Duk abin da ka shigo da shi gida, yi wa kowa bayaninsa, musamman mai ƙaunarka, don shi ne zai fara kai hannu ya taimake ka.