Kawu, Na Gano Inda Ƙarar Take

Ranar Juma'a, tara ga watan Mayu, da la'asar, Allah ya karɓi ran kawuna, yayan mahaifiyata, mai gyaran kekuna a bakin kasuwa, wanda kowa ke kira Mai Kunne. Na Allah ne mu, kuma gare shi za mu koma. Kawu, akwai maganar da na taho da gudu in faɗa maka ban same ka ba, shi ya sa nake wannan rubutu.

Ba a banza aka sa maka sunan nan ba. In an kawo maka keke mai ƙara, ba ka fara taɓa sifana. Sai ka ce wa mai shi, "Hau ka zagaya in ji." Ka tsaya bakin shago, ka karkata kai, ka lumshe ido. Zauna a sirdi. Miƙe tsaye. Daina taka feda. Saki kan keken. Da haka kake korar dalilai ɗaya bayan ɗaya har ƙarar ta rasa wurin ɓuya. Ba na manta mai kai saƙon nan da ya zo ransa a ɓace, ya sauya sarƙa, ya sauya feda, amma ƙas-ƙas ɗin na nan daram. Ka sa shi ya zagaya, sannan ka durƙusa ka ɗaure masa igiyar takalmi, wadda bakinta ke dukan ƙarfe a duk juyin feda. Ka ce masa, "Keken lafiya lau, mai shi ne ke son gyara." Har ƙwalla ya yi don dariya. Famfonka na hura taya kuwa kullum yana rataye a waje, ko shago na kulle, don kada iskar wani ta sauka ya rasa mafita.

To, sai ga nawa keken. Keken tsere ne mai siraran tayoyi, kai da kanka ka haɗa mini shi. Ƙungiyarmu ta mahaya tana da tsere ranar Asabar, na daɗe ina shan wahalar atisaye dominsa, kuma a hanyar akwai wata doguwar gangara daga kan dutse, inda keke ke gudun da mota ma sai ta yi da gaske. Ana saura mako sai na fara jin wata 'yar ƙara. Ƙas. Shiru. Can kuma, ƙas. Ba ta bin feda, ba ta bin taya, sai lokacin da ta ga dama.

Na kawo maka. A lokacin jikinka ya riga ya yi nauyi, ƙafafunka sun kumbura, in ka yi magana sai ka tsaya ka nemi numfashi. Duk da haka ka sa aka fito maka da kujera. Na zagaya, na miƙe, na zauna, na saki hannu, keken nan ko uffan. Ka shafa giris a sandar sirdi, ka ƙara ɗaure feda, ka bi wayoyin taya da yatsa. Na tafi, washegari na dawo da ƙarata. Titin gaban shagonka shimfiɗaɗɗe ne, ƙarar kuma sai a kan tudu take zuwa, kai kuwa ba ka da ƙafar bin ni can. Na ga abin ya tsaya maka a rai, domin ban taɓa ganin ƙara ta gagare ka ba.

Na ce, "Kawu, bar shi haka. Wace ƙara ce wannan da sai an kasa kunne ake jin ta?"

Ka jawo sarƙar kulle, ka ɗaure keken a jikin turken ƙarfen da ke tsakiyar shago, ka danna kwaɗo, ka zura makullin a zare ka rataya a wuyanka. Sannan ka ce, "Ɗana, ƙarar da ban san uwarta ba, ba za ka sauka gangara da ita ba. In wani abu ya faru, me zan ce wa ƙanwata?" Raina ya ɓaci ƙwarai, na fita ina huci. Kai kuwa ko a jikinka.

Ranar Alhamis aka kwantar da kai a asibiti, da makullin a wuyanka. Juma'a da safe mai walda, maƙwabcin shagonka da ke riƙe maka makullin ƙofa, ya buɗe mini. Keken na tsaye, tsere kuma gobe. Mai walda ya ɗauko injin yankan ƙarfe, ya ce, "Ka ce in yanke kawai, yanzu sarƙar nan za ta faɗi." Har ya kunna. Na tsaya ina kallon sarƙar, zuciyata na cewa yanke. Amma na ce ya dakata, bari in je in roƙi makullin daga hannun mai shi.

Na tarar da kai an sa maka robar numfashi a hanci, matarka Inna na gefe tana maka fifita. Ban ma buɗe baki ba ka yafito ni. Muryarka ta dushe, sai da na kai kunnena kusa.

Ka ce, "In ka matsa burkin gaba a gangara, tana yi?"

Na ce, "Tana yi, Kawu."

"Shi ne ba ka faɗa ba?"

"Ba ka tambaya ba."

Ka harare ni, irin hararar da na sani tun ina yaro. Ka huta, ka ce, "Kwance wuyan keken. Zaro ƙarfen da ke riƙe da tayar gaba. Kai shi rana, ka bi shi da farce." Inna ta ce don Allah ka bar zancen keke ka ji da kanka. Ka ɗaga mata hannu, ka ce mini, "Tafi."

Na koma shago, ni da mai walda muka kwance wuyan, keken na nan ɗaure a turkensa. Ƙarfen ya fito sumul, da ido ba a ganin komai. Na fita da shi rana, na bi shi da farce kamar yadda ka ce. A daidai inda noti ke matse shi, farcena ya maƙale. Tsaga ce siririya kamar gashi, ta kusa zagaye shi gaba ɗaya. Mai walda ya karɓa, ya ɗan lanƙwasa, sai ƙarfen ya rabu biyu a hannunsa. Ya dube ni, na dube shi. Ya ce, "Da wannan za ka sauka dutse gobe?" Na zauna a kan kujerarka.

Na kwashi guntayen nan biyu na nufi asibiti. Burina kawai in ajiye su a kan gadonka in ga ka karkata kai ka yi murmushi. A baranda na haɗu da Inna, mahaifiyata na riƙe da ita. Da na ga idanunsu ban tambayi komai ba. Inna ta dubi ƙarfen da ke hannuna, sannan ta buɗe tafinta. Zaren ne, da makullin. Ta ce, "Da kansa ya cire bayan tafiyarka. Ya ce in ka gano, a ba ka. In ba ka gano ba, kada a ba ka."

Kawu, na gano. A wuya take, inda ka ce. Kana kokawa da naka numfashin, amma nawa kake tsaro, kuma ban samu na ce maka na gode ba. Wannan yana mini ciwo sosai.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna, da mahaifiyata da ta rasa yayanta, da 'ya'yanka, da maƙwabtan shagonka, da duk mahayin da ka taɓa tsayawa ka saurari kekensa. Allah ya ba mu haƙurin rashinka. Allah ya ji ƙanka, ya yafe kurakuranka, ya yalwata kabarinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Kamar yadda ka tsare ni daga gangarar nan, Allah ya tsare ka daga duk abin tsoro a inda ka tafi. Amin.