Dambe a Bikin Huɗu ga Yuli

A shekarun da na yi ina tuƙi a Doha, kamfaninmu yana jigilar wasu Amurkawa masu aikin gas. Da safe mu kai su ofis a West Bay, da yamma mu mayar da su gida. Da zarar watan Yuni ya raba, hira ɗaya ake yi a kujerar baya: ina za a je bikin huɗu ga Yuli, ranar samun 'yancin ƙasarsu. Masu iyali su ce gida za su tafi, ga wasan wuta ga sanyin tafki. Wasu su ce Dubai. Masu son jiki su kama ɗaki a otal, su jiƙa kansu a ruwan wanka har dare. Ragowar kuwa, waɗanda ba su sami hutu ba, sai su ce a kai su kudu, can inda tuddan yashi suke gangarawa cikin teku.

Ni abin dariya yake ba ni. Mu a gida ranar 'yancin kai faretin 'yan makaranta ne, a tashi kowa ya kama gabansa. Su kuwa sai sun nemo wurin da ya fi ko'ina zafi, a watan da ko ƙadangare ba ya leƙowa, sun hura gawayi sun tsaya a kansa.

A shekarar da nake magana, motoci biyu aka ware, tawa da ta abokin ɗakina a Mu'aither. Bazamfare ne, ya girme ni, ɗan gidan mahauta, shi ya sa nake tsokanarsa da Sarkin Fawa. Ya yi dambe da ƙuruciya kafin ya koyi mota. Turancinsa bai wuce gaisuwa da hagu da dama ba, ni ne bakinsa. Tuƙin nan shi ne duk abin da ya mallaka, da shi yake riƙe da gida guda a can garinsu. Kuma dukanmu mun san doka: fasinja ya kai ƙararka sau ɗaya, kafil, wato wanda takardar zamanka ke hannunsa, zai yankar maka tikitin gida ba tare da ya ji ta bakinka ba.

Mun tashi bayan sallar Juma'a, don sun ja bikin zuwa ranar hutu. A ƙarshen kwalta muka tsaya muka rage iskar tayoyi, saboda mota ba ta hawa yashi da taya cike. Muka yi ta hawa da gangara, suna ihu a baya, har muka sauka bakin ruwa. Suka kafa rumfa, suka soka tutarsu a yashi, suka buɗe akwatin ƙanƙara. Giya dai ba a magana.

Sarkin Fawa ya ga yadda suke wulaƙanta nama a kan wuta, zuciyarsa ta kasa ɗauka. Ya naɗe hannun riga ya karɓi aikin. A nan ne wani daga cikinsu ya hango tsage-tsagen da ke jere a hannunsa na dama, irin waɗanda 'yan dambe ke yi a shafa magani. Ƙato ne mutumin, wuyansa ya kai cinyata, ga wani zobe mai kauri a yatsarsa. Ya riga ya sha ya yi jajir. Ya kama hannun yana juyawa, ya tambaya mene ne wannan. Sarkin Fawa ya dunƙule hannu ya nuna masa, yana murmushi.

Shi ke nan, ƙaton ya ce sai sun gwada.

"Mi ya ce?" in ji Sarkin Fawa.

Na ce, "Yaya, dambe yake so. Ka ce hannunka na ciwo."

"Ka hwaɗa mashi na bari tun tuni. Ni direba na."

Na faɗa. Ƙaton ya yi dariya, ya ture Sarkin Fawa a ƙirji. Ya sake turawa. Sauran suka taso da gwangwanayensu suka yi da'ira, suna tafi suna cewa yalla, yalla, wato a yi, a yi, kalmar Larabci ɗaya da suka iya. Ƙaton ya ɗauki hular Sarkin Fawa daga kansa ya wurga cikin teku. Sannan ya dube ni ya ce in gaya masa, in bai tsaya sun yi damben ba, gobe zai ce wa ofis ya yi tuƙin ganganci a kan tudu.

Wallahi ina jin maganar tana fita daga bakina kamar ina haɗiyar garwashi. In ya ƙi, ƙara. In ya daki fasinja, ƙara. Sarkin Fawa ya tsaya yana kallon hularsa a kan ruwa, sannan ya kwance ƙyallen da yake rufe wuya da shi saboda rana, ya naɗe hannun dama tam. Ya miƙa hagu a buɗe, ya ja dama can baya, ya sunkuya. Suka kwashe da dariya, ba su taɓa ganin tsayuwa irin wannan ba.

Ƙaton ya shigo da hannu biyu. Naushin farko ya sami Sarkin Fawa a kafaɗa, na biyu a haƙarƙari, na ji ƙarar daga inda nake. Bai rama ba. Yana ta zagayawa yana karewa da hagu, da fatan mutumin zai gaji ya haƙura. Naushi na uku ya fasa masa leɓe, jini ya zubo a gaban rigar kamfani. Ya tofar, ya dubi jinin. Da ƙaton ya sake kawowa sai Sarkin Fawa ya goce, ya sako hannun daman nan tun daga baya, ya sauke masa a muƙamuƙi. Kan mutumin ya juya. Ƙafafunsa suka lanƙwashe, ya zube a kan gwiwa, ya dafa yashi da hannu biyu.

A damben gida, da gwiwar mutum ko hannunsa ya taɓa ƙasa, wasa ya ƙare. Ba a ƙara masa, shi ma ba ya tashi ya rama. Haka Sarkin Fawa ya tashi ya gani tun yana yaro, kuma jikinsa bai san wata doka ba. Ya ce, "Khalas," wato an gama. Ya sauke hannuwa, ya juya baya, ya fara kwance ƙyallen da haƙori yana nufo ni.

Su kuwa a nasu damben, wanda ya faɗi tashi yake yi a ci gaba.

Na buɗe baki in yi ihu, amma ƙaton ya riga ya iso. Ya rungumo shi ta baya ya maka shi da ƙasa, ya birkito shi, ya hau ƙirjinsa ya danne hannuwansa da gwiwoyi. Sannan ya fara dukan fuska da hannun da ke da zoben. Yana duka yana zagi, yawu na fita. Tafin ya tsaya cak. Ba ka jin komai sai saukar hannu a kan nama da gurnanin mutumin. Na ga kan Sarkin Fawa yana nutsewa cikin yashi da kowane duka, ƙafafunsa na shure-shure.

Ban san lokacin da na daka tsalle na haye bayan ƙaton ba. Na shaƙe wuyansa da hannu, na gantsara masa cizo a kunne har na ji gishirin jini. Ya kawo mini gwiwar hannu a baki, haƙorina na gaba ya karye, na faɗi gefe. Sai a lokacin 'yan'uwansa suka farga, suka taru suka janye shi yana fizge-fizge, ya yi fatali da murhun, garwashi da nama suka watse a ƙasa.

Na rarrafa na isa wurin Sarkin Fawa. Hancinsa ya kwanta gefe guda. Idonsa na hagu kuwa ban gan shi ba, sai wani kumburi da ya tsage, jini da yashi sun cakuɗe a ciki. Wata mata daga cikinsu ta kawo tawul da ƙanƙara tana kuka tana ba da haƙuri. Na fizge tawul ɗin ban ko dube ta ba. Na tsane su duka a wannan lokaci, har da ita, kuma ba zan ɓoye ba.

Na kwantar da shi a kujerar baya na bar su da ɗayar motar, su san yadda za su yi. Na keta yashin nan kamar mahaukaci. Da na iso kwalta dole na tsaya a wurin masu ba da iska, don tayar da aka rage wa iska ba ta gudu a kwalta. Ina durƙushe da tiyo a hannu, jini na ɗiga daga bakina, ina jin nishinsa ta taga. Ban taɓa ganin abin da ya daɗe kamar cikar tayoyin nan ba.

A asibiti aka ɗinke shi, aka naɗe rabin fuskarsa. Washegari manajanmu ya zo, ya ce ya yi magana da mutanen, ba za su kai ƙara ba in mu ma mun yi shiru. A ce tsautsayi ne wajen canza taya. Ya ce kafil ya yarda Sarkin Fawa ya koma bakin aiki, muddin likita ya tabbatar idon yana gani. In ba ya gani, babu lasisi, babu mota. Ƙaton kuwa aka sauya masa direba.

Muka koma ɗaki muna jira. Ni ke dama masa kunu, da shi kaɗai yake iya sha. Kullum sai ya taɓa bandejin ya ce yana jin idon na motsi a ciki, alamar lafiya ke nan. Ni ma in ce masa haka ne.

Ranar da aka kwance, na raka shi don in yi masa tafinta. Kumburin ya saɓe, idon ya buɗe, ja wur amma yana nan a wurinsa. Na ji daɗi har na fara tsokanarsa. Likitan ya zaunar da shi gaban allon haruffa, ya ba shi wani abu kamar ludayi ya ce ya rufe idon dama, ya karanta layin sama.

Ya rufe. Ya gyara zama, ya miƙe wuya. Likitan ya ce ya fara.

Ya juyo wajen da ya ji muryata ya ce, "Kai Bakano, ce mashi ya kunna hwitila tukuna."

Likitan yana kallona yana jira in fassara. Fitilun ɗakin duk a kunne suke.